Tulun Da Aka Zuƙe Wa Iska

Kai Sagiru, rufe mini baki! Wace irin tambaya ce wannan? Mutum ya ci tuwo ya ƙoshi, ko hannu bai gama wankewa ba, ya zo yana tambayar kakarsa wai in an zuƙe iskar da ke cikin tulu zai tashi sama. Wai malaminku ne ya faɗa a aji. To malamin naku ya taɓa ɗora tulu a ka daga rijiya zuwa gida? Ni ban taɓa zama a benci ba, ban san baƙi ko ɗaya ba, amma na haifi tara na yaye tara, kuma ina gaya maka ba ya tashi. An gwada tun ba a haifi kakan malaminku ba, an kuwa ji jiki. Ke Delu, ajiye cokalin nan, kin ishe ni da ƙwanƙwasa. Tun da kun tono, sai ku zauna ku ji, wanda ya katse ni kuma ya san sauran.

A wani zamani mai tsawo da ya shige, tun aljanu na shiga kasuwa su yi ciniki ido da ido da 'yan Adam, an yi wani sarki a Birnin Garzaya, can bayan tafkuna bakwai, ana ce da shi Sarki Tunau ɗan Dogara. Ƙasarsa ƙasar tagulla ce, duk tsaunin da aka sara sai a tarar da jan ƙarfe yana ƙyalli a ciki, har ta kai ƙofofin fadarsa da akusan cin tuwonsa da linzaman dawakinsa duk na tagulla ne. Allah ya ba shi komai, sai dai bai ba shi sanin inda ake tsayar da magana ba. 'Ya ɗaya gare shi, Gimbiya Yalwa, mace mai hankali da kaifin harshe, wadda makullan rumbunan birni ke hannunta, domin tun rasuwar mahaifiyarta ba wanda ya fi ta sanin abin da gari zai ci kafin kaka.

A fadar nan akwai wanzamin Sarki, sunansa Korau, mutum mai sanyin hannu da ƙarancin magana, wanda ya gaji aska da ƙaho daga ubansa. Shi ke yi wa Sarki aski kowace Alhamis, shi ke yi masa ƙaho in jini ya yi masa yawa. Kun san ƙaho ai. A ɗora bakin ƙahon saniya a bayan mutum, wanzami ya sa baki a ɗan tsinin ya zuƙe iskar ciki, ya tura kakin zuma da harshe ya toshe, sai ka ga fata ta taso ta cika ƙahon kamar ana jan ta da igiya. Gimbiya Yalwa ce ke riƙe masa ƙwarya in yana wannan aiki, ba ta taɓa kau da kai don ganin jini ba, sai ma ta ce, "Wanzami, askar nan taka ta yau ba ta ga dutse ba." Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai, ya kwana uku yana tuna maganar yana murmushi shi kaɗai.

Sarki Tunau ya gina wa birnin ganuwa mai tsawon da tsuntsu sai ya huta sau biyu kafin ya ƙetare. Wata Alhamis da hantsi, Korau na tsakiyar aski, ya kwashe rabin kan Sarki saura rabi, sai ga wani dogon baƙo ya shigo fada ba tare da dogari ya gan shi ba. Rigarsa na kaɗawa ba tsayawa, alhali ko ganye ba ya motsi a waje. Ya tsaya, bai durƙusa ba, ya ce, "Ya Sarkin Garzaya, ni ne Kaɗau ɗan Guguwa, Sarkin Iskoki. Tun ba a kafa garinka ba rundunata ke bi ta wannan kwari, mu ɗauko hadari daga gabas mu kai yamma. Yau ka gitta mana ganuwa. Ban zo da yaƙi ba, abu ɗaya nake nema: ka bar mana ƙofa guda ta gabas, wadda ba ƙyaure."

Korau ya ji askar ta yi sanyi a hannunsa. Ya so a ce Sarki ya yi shiru ko na numfashi uku ne. Ina! Sarki ya bushe da dariya, ya ce, "Mu ba ma buɗe ƙofa sai ga mai nauyi, mai raƙuma da kaya. Iska me nauyinta? A cika buhu da kai da rundunarka a ɗora wa ɗan tsako, ba zai san an ɗora masa komai ba." Fadawa suka ɗauka, "Gaskiyarka Zaki! Iska ce, banza ce!"

Sai kawai aka ga baƙon ba ya nan. Kafin Korau ya goge askarsa, wata guguwa ta tashi a filin rumbuna, baƙa ƙirin, ta haɗe ƙasa da sama, ta yaye jinkunan rumbu arba'in kamar ana cire hula, ta sure Gimbiya Yalwa daga tsakiyar mata masu shiƙa, makullai na ƙara a ƙugunta, ta yi sama da ita. Murya ta sauko, kowa ya ji ta a cikin kunnensa kamar shi kaɗai ake yi wa magana: "Tun da iska ba ta da nauyi, ka zo gidana bisa gajimare ka karɓi 'yarka. Hanya ɗaya ce. A ƙera tulu, a fitar da iska daga cikinsa sarai, a hau. In ruwan farko na damina ya taɓa ƙasa ba a zo ba, ta zama iska kamar mu, ba za ka ƙara ganin ta ba, sai dai ka ji ta tana kaɗa labule." Sarki ya miƙe da rabin aski, ya faɗi sumamme. Wata uku ya rage damina.

To ku saurara, nan ne suka fara ɓata lokaci. Da aka ce a fitar da iska, duk fada ba wanda tunaninsa ya je kan iskar da muke shaƙa. Mu ai in an ce wance tana da iska, kowa ya san aljani ake nufi. Sai aka kira Boka Dungu, aka ƙera masa tulun tagulla, ya kewaye shi da garwashi, ya zuba turare da barkono da saiwoyi masu wari, masu garaya na kaɗawa, yana tsalle yana ihu, "Ku fita! Ku fita daga tulun Sarki!" Kwana ashirin ana haka. An yanka baƙin bunsuru bakwai, rabin fadawa sun kama tari. Rana ta ashirin da ɗaya boka ya ce ko jaririn aljani babu a ciki, ya hau wuyan tulu ya rungume, ya ce, "Tashi!" Tulu na zaune. Ya sake cewa, "Tashi!" Tulu ko gezau. Da azahar aka sauko da shi, cinyoyinsa sun ƙage, ya ce zai je ya ɗebo wani magani a jeji. Har yau bai dawo ba.

A ranar ce abu ya faɗo daga sama tsakiyar fada, ya yi ƙara a kan daɓe. Korau ne ya ɗauka. Awarwaron azurfa ne na Gimbiya, wanda aka sa mata tun tana ƙarama, wanda ba ya fita sai an yanke, ga shi kuwa a rufe, ba tsaga ba lanƙwasa. Nan take ya gane hannunta ne ya fara zama iska, har ƙarfe ya ratsa ta ya wuce.

Bai ci abinci ba ranar. Washegari yana yi wa wani masunci ƙaho a bakin tafki, ya zuƙe, ya toshe, ya tsaya yana kallon fata na tasowa, sannan ya ɗaga kai ya ga masunta na yawo bisa ruwa, kowa ya kife cikinsa a kan ƙaton gora. Sai ya saki baki. Ya bar masuncin da ƙaho a baya, ya yi ta gudu har fada, ya zube ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, mun yi wa magana mummunar fahimta. Ba aljani aka ce a kora ba. Iskar nan ce da ke shiga hancinmu. Gora na tasowa bisa ruwa don ya fi ruwa rashin nauyi. Ina jin iska ma wani tafki ne, mu kuwa a ƙasansa muke tafiya ba mu sani ba. In aka zuƙe wa tulu iskar cikinsa kamar yadda nake zuƙe ƙaho, har ya fi iskar waje rashin nauyi, zai taso kamar gora."

Sarki, wanda ya rame har zobba na zamewa daga yatsunsa, ya ce, "Wanzami, in iska tafki ce, ashe tana da nauyi ke nan?" Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, a kan wannan tambaya aka ɗauke Gimbiya." Ba a taɓa gaya wa Sarki Tunau irin wannan ba, amma bai ce a kama shi ba. Ya ce a kira Nomau, Sarkin Maƙera.

Nomau tsoho ne gajere mai faɗin ƙirji, gashin hannunsa duk wuta ta cinye. Ya saurari Korau, ya soshi gemu, ya ce, "Ɗan'uwa, kai mai aska ne, ni mai guduma. In kana so ya tashi, sai ya zama ƙato kuma marar kauri. Zan buga maka tagulla har ta koma kamar ɓawon albasa." Maƙera ɗari uku suka yi kwana talatin suna bugu, har kaji suka daina ƙwai a unguwar saboda ƙara. Aka fito da tulu mai girman ɗakin soro, zagaye sumul, rana na haska shi har ba a iya kallonsa. Korau ya kafa ƙahon bajimin sa a bakinsa, aka liƙe da ƙaro. Nomau ya juya zugazugi baibai, ya zama maimakon ya hura sai ya zuƙa, aka sa ƙarti goma sha biyu a kai.

Duk birni ya fito. Aka fara zuƙa tun da sassafe. Da hantsi ya yi, Korau ya dafa tulun da hannu ɗaya, ya ji ya ɗan girgiza, abin da jiya mutum biyar ba su motsa ba. Ya ce, "Ku ƙara!" Mata suka fara guɗa. Sai aka ji wani ɗan ƙara, ƙyas, kamar an taka busasshen ganye, wani ɗan lotsi ya bayyana a gefe, bai fi tafin hannu ba. Nomau ya buɗe baki zai yi magana.

Wallahi yara, ba a taɓa jin irin wannan tsawa ba a ƙasar. Ba wanda ya taɓa tulun, ba dutse ba guduma, rana tsaka, sama tas, amma tulu mai girman soro ya maƙure wuri ɗaya kamar an matse danƙo a tafin hannu. Dawakai suka tsinke igiya. Masu guɗa suka faɗi da baki buɗe. Jini ya zubo daga kunnen Korau na hagu, bai ƙara ji da shi ba har ya mutu. Da ƙura ta lafa, sai ga aikin maƙera ɗari uku kwance kamar tsohuwar tabarma da aka tattake.

Jama'a suka watse suna salati, suna cewa aljanu ne suka naushe shi. Korau ya tsaya yana duban sama, yana duban hannuwansa. Ya ce wa Nomau, "Baba, ba naushi ba ne. Iskar waje ce ta danne shi. Da can ta ciki na tokare ta, da muka fitar da ta ciki sai ta waje ta zauna masa. Wannan kayan ne a kanmu kullum, tun ranar da aka haife mu, ni da kai da Sarki, muna ɗauke da shi muna cewa ba komai." Nomau ya dube shi, ya dafa kansa da hannu biyu kamar mai tare rufin ɗaki, ya ce, "Inna lillahi. Da ba ka gaya mini ba."

Ba su fasa ba. Suka yi wani mai ɗan kauri, ya jure har azahar, sannan ya maƙure. Suka sa wa wani haƙarƙarin sandunan gora a ciki, gorar ta kakkarye kamar karan dawa. Suka sa na ƙarfe, tulu ya jure amma ya yi nauyin giwa. Suka gwada fatar raƙumi, ta manne tun zuƙar farko. Kowane gwaji abu ɗaya yake faɗa musu: in ka rage kauri iska ta murƙushe, in ka ƙara kauri ƙasa ta riƙe, tsakanin biyun kuwa ko wurin sa allura babu. Ana cikin haka zoben Gimbiya ya faɗo, bayan kwana bakwai 'yan kunne, daga baya makullan rumbu gaba ɗaya.

Na ƙarshe da suka yi, Nomau ya zuba masa duk tagullar da ta rage, kaurinsa kamu guda. Aka yi kwana uku ana zuƙa, har zugazugi ya ƙi motsi, ƙarti goma sha biyu suka rataya a kai bai ɗaga ba. Korau ya toshe ƙahon da kakin zuma. Tulu bai lotsa ba, ba iska ko ta numfashin sauro a cikinsa, amma shanu arba'in suka ja shi bai gusa ba.

Korau ya shiga fada, ya durƙusa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na zo in faɗi abin da ba a so a ji. Tulun nan ba zai tashi ba, ko yau ko bayan shekara dubu. Sarkin Iskoki bai ba mu hanya ba, darasi ya ba mu. In kaina zai dawo da Gimbiya, ga shi." Sarki ya dube shi da jajayen idanu, ya ce, "Me zan yi da kan wanzami?" Sannan sarkin da bai taɓa kuka a gaban mutum ba ya ja rawani ya rufe fuska.

Korau ya koma maƙera ya tarar Nomau na ƙoƙarin buɗe wani ƙaramin tulun gwaji da aka zuƙe wa iska, aka bar shi a toshe. Da tsohon ya ɓalle kakin, sai aka ji fuuu, tulun ya fizgi gefen rigarsa ya haɗiye, sai da mutum biyu suka ja. Nomau ya ce, "Kai, ji jarababbiya! Ko sallama babu. Iska dai ba ta iya ganin wuri wofi ta ƙyale." Korau ya ce, "Baba, me ka ce? Faɗa ta kunnen dama." Ya maimaita. Korau ya zauna a kan uwar maƙera. Can ya ce, "Ba so take yi ba, Baba. Dole ce. Ba ta da ikon ƙi." Ya dubi ƙaton tulun nan da ke zaune a fili. Ya ce, "Sarkin Iskoki ma ai iska ne."

Bayan kwana biyu, da la'asar, gabas ta yi baƙi. Ƙamshin ruwa ya cika gari, kwaɗi suka fara kuka. Sarki da jama'a suka taru gaban tulu, ba don suna sa rai ba, sai don ba su san inda za su tsaya ba. Korau ya tsaya a kan tsani kusa da bakin ƙahon, kakin zuma a cikin kuncinsa, siririyar askar tsaga a hannun riga. Sai ga Kaɗau ɗan Guguwa ya sauko, tsawonsa ya kai rimi, rigarsa na kaɗawa har tana kayar da mutane.

Ya ce, "Ya Sarkin Garzaya, ina ɗan tsakonka? Na ga an sa shanu arba'in." Sarki ya kasa ɗaga kai. Korau ya ɗaga murya ya ce, "Ranka ya daɗe Sarkin Iskoki, ka yi nasara, mun shaida nauyinka, ga kunnena shaida. Amma ina da tambaya. An ce ba wurin da ba ka taɓa shiga ba a duniya." Kaɗau ya ce, "Haka ne. Ina cikin kogon dutse, ina cikin hancin jariri, ina cikin ramin tururuwa." Korau ya ce, "Ban da nan. A cikin tulun nan akwai wani shiru da ba ka taɓa ji ba, don duk inda ka je kai ne ke kore shi. Ni talaka na ji, kai sarki ba ka ji ba."

Girman kai ba na mutane kaɗai ba ne. Kaɗau ya rage tsawo, ya sunkuyo, ya kara kunnensa daidai tsinin ƙahon. Korau ya yi bisimilla a zuci, ya soka aska cikin kakin.

Ƙarar da ta tashi, kamar an yanka shanu dubu lokaci ɗaya. Kunnen aljanin ya fara shiga, sai kai, sai kafaɗu, yana miƙewa kamar zare, yana ihu yana kama ƙasa, yana tumɓuke ciyawa, amma ina, wofin nan na jan sa, har gefen rigarsa ya shige ta ƙofar da ba ta fi ƙwayar gero ba. Korau ya danna babban yatsa a kai, ya ji kamar za a zare masa ƙashi, ya tofo kakin bakinsa, ya zame yatsan ya liƙe. Fatar yatsan ta tafi tare da aljanin.

Mutane suka buɗe baki za su yi ihun murna, ihu ya ƙi fita. Iska ta tsaya cik a duniya. Hadari ya daskare a sama kamar zane. Shaho ya faɗo daga sama, tim, a gaban Sarki. Wutar maƙera ta mutu. Kowa ya ja numfashi ya ji kamar yana jan kunu mai kauri, jarirai suka yi shiru a bayan iyayensu, tsofaffi suka fara zubewa. Sarki ya yi rarrafe ya zo, yana haki, ya ce, "Kada ka buɗe... ka bar shi ya ruɓe a ciki." Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, in ya ruɓe da mu zai ruɓe."

Ya kara bakinsa a jikin tulu, idonsa na ganin duhu-duhu, ya ce, "Sarkin Iskoki, ba mu da lokaci, kai ma ba ka da shi. Ka rantse da Wanda ya halicce ka ya halicce mu, a sauko da Gimbiya da jikinta cikakke, kuma ba ramuwa." Daga ciki murya ta fito ƙarama, kamar ta sauro a cikin kwalba: "Ƙofata fa?" Korau ya juya ya dubi Sarki. Sarki Tunau ya kifa goshi a ƙasa gaban tulu, gaban talakawansa, ya ce, "Na yi kuskure. Ƙofa uku." Muryar ta ce, "Na rantse."

Korau ya ɓalle kakin. Iska ta fito ta watsa shi ƙasa daga kan tsani, duk birni ya ja numfashi lokaci ɗaya, jarirai suka tsala kuka, ba a taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba. Sai ga wata 'yar guguwa fara tana saukowa a hankali, a cikinta Gimbiya Yalwa, ana hango ganuwa ta cikin jikinta kamar ta cikin mayafi. Ƙafarta ta taɓa ƙasa, jikinta ya cika, yashi ya lotsa a ƙarƙashin diddigenta. Tana gama tsayuwa ɗigon ruwa na farko ya faɗi a kan tulu, ya yi ƙara, tan.

Sarki ya rungume ta yana kuka, ya ce ta faɗi abin da take so. Ta ce, "Baba, da farko a rufe rumbunan nan, ruwa zai lalata hatsi, wata uku ina kallonsu daga sama a buɗe, ba mai hankalin da ya tuna. Na biyu, duk abin da aka yi ina gani. Mutum ɗaya ne ya gaya maka gaskiya sau biyu yana sane kansa na iya tafiya. In yana so na, shi nake so." Korau na zaune a cikin taɓo, yatsa na jini, ya juyo kunnen dama ya ce, "Ranki ya daɗe, ban ji ba." Ta ce, "Ka ji sarai."

Bayan kaka aka ɗaura aure, aka yi kwana bakwai ana biki, Nomau ne waliyyin ango. Sarki ya ce a kafa tulun a ƙofar fada a riƙa yi masa kirari, Gimbiya ta ce ba a ajiye tagulla mai yawan nan don kallo. Ta sa aka yanke masa wuya, aka haƙa masa magudana daga indararon fada, ya zama randar gari, yana tara ruwan damina, mata na ɗiba har tsakiyar rani. Suka haifi 'ya'ya shida, duk masu taurin kai, Korau da kansa ya yi musu askin suna.

Shi ke nan, na gama. Ba na son wata tambaya, Sagiru, na ga bakinka na motsi. Delu, kwashe kwanonin nan ki kife su, ki rufe kajin. Kai kuma ɗauki ƙaninka, ya yi barci a kan ƙafata har ta mutu, ka kai shi bayan gida tukuna, ba ni da ƙarfin wankin tabarma gobe. Kowa ya yi addu'a ya kwanta. In na ƙirga uku na ga ƙafar mutum a tsakar gidan nan, shi zai yi mini surfe da safe. Ɗaya!